Martani: Ba a Shiga Legas da Ka

Legas gari ne da ruwa ya rarraba. Akwai ɓangaren tudu, inda Ikeja da Agege da Oshodi da Yaba suke. Akwai tsibirin Legas, tsohon garin Ikko, tare da Ikoyi da Victoria Island. Sai kuma Lekki da ya miƙe ta gabas tsakanin tafki da Tekun Atlantika. Gadoji uku ne suka haɗa tudu da tsibiri: gadar Carter, gadar Eko, da gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990. Duk wani shirin yawon buɗe ido a garin, komai gajartarsa, a kan wannan shimfiɗa zai tsaya ko ya faɗi. Wannan ne abin da wani rubutu da ya fito kwanan baya ya yi wa riƙon sakainar kashi, sa'ad da marubucinsa ya shawarci mutanen Arewa su je Legas shan iska na kwana uku ba tare da wani dogon shiri ba.

Ga abin da marubucin ya kafa hujja da shi, a taƙaice. Ya ce mutanen Arewa sun cika tsoron Legas, har mai hali ya fi son ya kashe kuɗinsa a Dubai ko Alkahira alhali akwai teku a ƙasarsa. Ya ce kwana uku sun isa mutum ya ga Badagry da gandun dajin Lekki da gidan tarihi na Onikan da Makoko da Tarkwa Bay da kasuwar Balogun, tunda a taswira duk ba su da nisa da juna. Masauki ba abin damuwa ba ne a wurinsa, domin da wuya a sami Bahaushen da ba shi da ɗan'uwa ko ɗan garinsu a Agege ko Mile 12. Lokaci kuwa, kowane wata daidai ne, amma Disamba ya fi armashi. Wanda ya je bakin teku bai shiga ruwa ba, a cewarsa, bai je ba. A ƙarshe ya ce yawan shiri yana kashe daɗin tafiya, mutum ya ɗauki jakarsa ya dogara ga Allah kawai.

Batu na farko gaskiya ne, kuma ya cancanci a jinjina masa a kai. Legas ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. Tun 1863 Turawan mulki suka kafa rundunar Hausawa a can ƙarƙashin John Glover, jirgin ƙasa ya haɗa garin da Kano tun farkon ƙarnin da ya wuce, fataken goro suka zauna a Agege, kuma har yau tumatir da albasa da tattasai na Arewa ne ke cika kasuwar Mile 12. Garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijeriya har zuwa Disamba 1991. Ɗan Arewa yana da haƙƙin ya je ya ga wurin da aka yi bikin samun 'yancin ƙasarsa, ya nuna wa 'ya'yansa teku. A nan babu jayayya. Matsalar tana cikin sauran shawarwarin, domin wasu za su jawo asarar kuɗi da lokaci, ɗaya daga ciki kuma tana iya cin rai.

A fara da lissafin kwana uku. Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Wanda ya hau doguwar motar safa zai shafe yini ko dare, wani lokaci duka biyun, kafin ya sauka, kuma zai sauka a gajiye. Wanda ya hau jirgin sama zai isa filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja cikin kimanin awa ɗaya da rabi, amma daga nan zuwa Victoria Island akwai fiye da kilomita 20 na hanyar da ba a iya yi mata alkawari. Shin kwana ukun da ake magana sun haɗa da ranar zuwa da ranar dawowa? Idan sun haɗa, yini ɗaya tak ya rage. Marubucin bai amsa wannan ba, alhali a kansa komai ya rataya.

Sai batun taswira. Taswira tana nuna nisa, ba ta nuna gosulo. A Legas jama'a suna kwarara daga tudu zuwa tsibiri da sassafe, su juyo da yamma, duk ta gadoji ukun nan. Wanda ya bi sahunsu a waɗannan lokuta yana iya kwashe awa biyu ko uku a tafiyar da ba ta wuce minti arba'in ba ranar Lahadi da safe. Badagry tana can yamma kusa da iyakar Seme, fiye da kilomita 50 daga tsakiyar gari, da shingayen jami'an tsaro a hanya saboda kusancin iyaka. Gandun dajin Lekki kuwa yana gabas. Ta yaya mutum zai haɗa su a yini ɗaya, ko ma ya cusa su cikin jerin wurare shida a kwana uku, ya ce ya gan su? Abin da zai gani shi ne bayan motar da ke gabansa. Ba kuma zai ce acaɓa za ta fid da shi ba, domin tun Yuni 2022 gwamnatin jihar ta hana haya da babur a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Mainland da Lagos Island, wato ainihin yankunan da mai yawon buɗe ido zai fi zagayawa.

Akwai hanyoyin rage wahalar, amma kowace tana bukatar a san ta tun kafin a taso. Motocin BRT, da suka fara aiki a 2008, suna da nasu layin a kan wasu manyan tituna. Jirgin ƙasan cikin gari na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a Satumba 2023, na Red Line kuma ya biyo baya a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Da katin Cowry ake biyan kuɗinsu, kuma jiragen suna da lokutan tashi. Baƙon da bai san da katin ba, bai san lokutan ba, zai tsinci kansa a tasha yana ciniki da kwandastan danfo cikin harshen da ba ya ji, ko ya faɗa motar da bai san ta ba da dare, irin wadda 'yan garin kansu ke gudu saboda ɓarayi masu shigar direbobi.

Wuraren da marubucin ya jera kuma sun fi ƙarfin leƙe. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka kafa a 1957, yana ɗauke da sassaƙen Nok da kayan tagulla na Benin, kuma a nan ne aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Ɗan Kano da ya tsaya gaban wannan mota ba zai so a ja hannunsa bayan minti biyar a ce lokaci ya ƙure ba. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960. Gaba kaɗan akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa na titin Broad da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. A cikin tsohon gari akwai Babban Masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe, da masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, da kasuwar Balogun da ta cinye tituna da dama. Waɗannan duka a tsibiri ɗaya suke, kuma su kaɗai sun cika yini. Wanda ya shirya zai ware musu rana guda, ya yi sammako, ya yi Azahar a Babban Masallaci, ya bar kasuwa kafin cunkoson yamma. Zai kuma san cewa kasuwannin Legas ba sa buɗewa da wuri ranar Alhamis saboda shara.

Badagry ma yini take ci, cikakke. A nan ake ganin gidan bene da 'yan mishan suka kammala a 1845, da kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, da sarƙoƙin da iyalan Mobee suka adana. Daga nan sai a tsallaka tafki a kwalekwale zuwa Gberefu, a taka a ƙasa cikin rairayi har bakin teku, hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen da suka kai su ƙetare. Wuri ne na tunani da jimami, kuma cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa har da mutanen da aka kamo daga can cikin ƙasa. Mayar da shi zango na minti talatin tsakanin karin kumallo da abincin rana rashin girmama tarihin ne. Game da Makoko kuwa, unguwar masunta ce da ke zaune a kan ruwa, mutane ne a gidajensu. Shiga da kyamara ba tare da ɗan unguwa ya yi jagora ba, ba tare da neman izini ba, abu ne da babu magidancin da zai yarda a yi masa a ƙofar gidansa.

Maganar masauki ita ce ta fi taɓa zuciya, domin an jingina ta da zumunci. Babu shakka Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 masu karɓar baƙi ne, kuma da wuya su ce wa ɗan garinsu babu wuri. Wannan kunyar tasu ce ta sa ya wajaba baƙo ya yi tunani a madadinsu. Ɗaki a Legas yana da tsada, da yawa daga cikinsu mutum uku ko huɗu ne ke kwana a ɗaki ɗaya. Ɗan kasuwar Mile 12 tun kafin asuba yake wurin sauke kaya. Idan baƙo ya dira da iyalinsa ba sanarwa, wa zai bar rumfarsa ya zagaya da shi? Kuɗin cinikin ranar wa zai biya? Ban da wannan, Agege tana can arewacin gari, Lekki tana kudu maso gabas. Wanda ya sauka a Agege yana son ganin teku zai ratsa garin kaf da safe, ya sake ratsa shi da yamma, kuma kuɗin motar da zai kashe yana iya kusantar kuɗin ɗakin da ya guje wa. Abin da ya dace shi ne a kama masauki kusa da wuraren da za a gani, a tabbatar da shi tun daga gida, sannan a ware yamma ɗaya a je a gaida 'yan'uwa da tsaraba, bayan an sanar da su.

Batun lokaci ma marubucin ya auna Legas da ma'aunin Arewa. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kai kusan ninki biyu na abin da ke sauka a Kano, kuma damina biyu ce. Ta farko tana kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni. Sai a ɗan sarara a Agusta, daidai lokacin da Arewa ke tsakiyar malka, sannan ruwa ya dawo a Satumba da Oktoba. Lekki da Victoria Island ƙasa ce mai kwari da ba ta ɗara teku da yawa ba, ruwan sama na 'yan awoyi yana iya mayar da titunansu kogi, kamar yadda aka gani a Yuli 2017 da Yuli 2024. Mai kwana uku da ruwa ya tsare shi yini ɗaya a ɗaki ya yi asarar sulusin tafiyarsa. Gandun dajin Lekki, mai faɗin hekta 78, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta kafa a 1990, an fi saninsa da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsa saman bishiyoyi. Hawan irin wannan gada sai sararin sama ya yi kyau.

Disamba kuwa tana da rani, gaskiya ne, amma ita ce watan da mazauna ƙetare ke dawowa gida, ake cika gari da bukukuwa da kaɗe-kaɗe. Kuɗin otal da na jirgi suna tashi, hanyar Lekki tana cushewa har tsakar dare, bakin teku yana cika da kiɗa da shaye-shaye. Mai neman irin wannan hidima ya san abin da ya je nema. Magidancin da ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa daga Katsina ko Zinder don su ga teku cikin natsuwa fa, an gaya masa abin da zai tarar? A wannan lokacin ne kuma ƙurar hunturu ke jinkirta tashin jirage a filayen Arewa, ta yadda tafiyar kwana uku kan koma ta biyu tun ba a bar gida ba. Nuwamba, ko ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, sun fi sauƙi ga mai iyali: ruwa ya ɗauke, cunkoson biki bai zo ba ko ya wuce.

Shawarar da ta fi kowace haɗari ita ce ta shiga ruwa. Yawancin mutanen Arewa da suka iya iyo a kududdufi ko kogi ko madatsar ruwa irin Tiga suka koya, ruwan da ko dai yana kwance ko yana tafiya gefe ɗaya da ido ke gani. Tekun Atlantika a gaɓar Legas ba haka yake ba. Igiyar ruwa tana dukan gaɓa da ƙarfi, rairayin yana zurmawa nan da nan, kuma ruwan da igiya ta turo yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Inda wannan jan ruwa yake sau da yawa shi ne ya fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa sosai a nan. Wanda ya faɗa ciki, idan ya yi ta kokawar komawa gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa ne zai ƙare. Masana suna cewa ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga jan, ko ya kwanta a kan ruwan ya ɗaga hannu. Mutum nawa ne cikin masu karanta wancan rubutu suka taɓa jin wannan? Kuma ba kowane bakin teku ne ke da masu ceto ba. A Agusta 2012 teku ya yi toroƙo a gaɓar Kuramo ya tafi da mutane da dama, cikinsu har da mazauna wurin da suka san ruwan. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mutum yana iya zama a kan rairayi, ya jiƙa ƙafa inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ya riƙe hannun yaransa, kuma ya koma gida ya ce ya ga teku ba tare da ya yi ƙarya ba.

Tarkwa Bay, da marubucin ya ambata, ruwanta ya fi kwanciya saboda katangun duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa sun kare ta, amma ba a zuwa sai ta jirgin ruwa. A nan ma akwai ƙa'ida. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ta wajabta sa rigar kariya daga nutsewa ga kowane fasinja, kuma an hana ƙananan jirage tafiyar dare. A Yuli 2022, a jajibirin Babbar Sallah, wani jirgi da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan faɗuwar rana ya kife, fiye da mutum 10 suka rasu. Mai shiri zai hau daga tashar da hukuma ta sani, ya ƙi shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ya duba rigar da aka ba shi ko igiyoyinta suna ɗauruwa, ya kuma yi alkawarin dawowa da mai jirgi tun rana tana sama.

Akwai wani dalilin da ya sa dogaro da abin da aka ji a bakin mutane ba ya isa: gaɓar Legas tana sauyawa. Bar Beach, da iyaye da kakanni suka sani, babu ita yanzu. An cike wurin da yashi ana gina unguwar Eko Atlantic, da katangar duwatsu da ke tare teku. A Afrilu 2024 an rushe wani sashe na wurin shaƙatawar Landmark don aikin babban titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba. Yawancin wuraren da suka rage a Lekki na 'yan kasuwa ne, ana biyan kuɗin shiga, wasu har da kuɗin rumfa da na ajiye mota. Wanda ya taso da labarin kawunsa da ya yi aiki a Legas shekaru talatin da suka wuce zai je neman wurin da ba ya nan. Kiran waya ɗaya ko bincike a intanet kafin a taso ya isa a san ko wuri yana buɗe, da ranakun da yake aiki, da abin da ake biya.

Saura maganar cewa shiri yana kashe daɗi kuma yana rage tawakkali. Malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma fataken da suka bi wannan hanya da ƙafa zuwa Kurmi ba su taɓa tashi ba tare da madugu da jagaba da sanin zangon da za su kwana ba. Shirin da ake magana ma ba wani littafi ba ne. Mutum ya san kwanakin da zai yi a cikin garin, ban da na hanya. Ya ba tsibirin Legas yini ɗaya, ya ba Lekki yini ɗaya, ya fara da gandun daji da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya biya gidan zane-zane na Nike Davies-Okundaye, ya ƙarasa bakin teku da la'asar. Yini na uku ya zaɓi ɗaya, ko Badagry ko Tarkwa Bay, ya bar ɗayan sai wani zuwan. Ya riƙe katin shaida saboda shingayen hanya, ya raba kuɗinsa gida biyu, ya bar wa wani a gida sunan masaukinsa. Wanda ya yi haka shi ne ke da sararin zama awa guda yana kallon jiragen dakon kaya suna jiran shiga Apapa, ko ya tsaya cin kifi a inda ya ga dama, domin ba ya tseren cika jerin wurare.

Don haka kiran da marubucin ya yi na a je Legas karɓaɓɓe ne, amma hanyar da ya shimfiɗa ba abin bi ba ce. Ya kamata ya janye maganar shiga teku a fili, a wurin da ya wallafa ta, domin masu karatunsa da yawa ba su taɓa ganin igiyar ruwa ba. Mai niyyar tafiya kuma ya tsayar da watan zuwansa da masaukinsa da wurare uku ko huɗu da zai gani kafin ya sayi tikiti.